Yadda Za a Tsara Yawon Kwana Biyar a Birnin Zanzibar

Tambaya: Ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu da mahaifiyata, wadda ta kai shekara 70, muna shirin yin hutun kwana biyar a Zanzibar. Kamfanin da ke shirya mana tafiyar ya aiko mini da jerin wurare kusan 20 da ya ce bai kamata su wuce mu ba. Babu wanda ya taɓa zama a bakin teku a cikinmu. Da wanne za mu fara, wanne za mu bari, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Malam, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya kuma ƙara wa Hajiya ƙarfin jiki. Na shafe shekaru ina tsara wa iyalai yawo a garuruwan gaɓar Gabashin Afirka, kuma abin da na fi gani yana ɓata wa mutane hutu shi ne irin wannan doguwar takarda da aka aiko maka. Wanda ya rubuta ta ya jera wuraren ne kamar dukkansu a bakin titi ɗaya suke, kamar kuma ana iya zuwa kowanne a duk sa'ar da aka ga dama. A birnin da ke kan tsibiri, iska ce take yanke hukuncin ko jirgi zai tashi, cikowar teku da janyewarsa ne suke nuna sa'ar da za a je wuri kaza, zafin rana kuma shi yake ƙayyade nisan da mutum zai iya takawa a ƙafa. Saboda haka ka ajiye takardar nan tukuna, ka fara sanin waɗannan abubuwa, sannan ka dawo ka zaɓi wuri shida ko bakwai daga cikinta. Sun ishe ku.

Zanzibar suna ne na tarin tsibirai, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba. Birnin da za ku sauka yana yammacin Unguja, tsohon ɓangarensa kuwa shi ne mutanen wurin suke kira Mji Mkongwe da Suwahili, Turawa suke ce masa Stone Town, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Tun watan Afrilun 1964 tsibiran suke cikin tarayyar Tanzaniya, amma suna da shugabansu da majalisarsu da wasu dokoki nasu na kansu. Wannan ya sa ko da kun riga kun shiga Tanzaniya ta Darussalam, jami'an shige da fice za su sake duba fasfo ɗinku idan kun iso tsibirin. Daga watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta ko da mutum yana da wata, don haka ka kammala wannan ta intanet kafin ranar tashi. Duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara, wato yellow fever, ana neman katin rigakafinsa. Kuɗin ƙasar shilin ɗin Tanzaniya ne, ƙananan takardu sun fi amfani a kasuwa da wurin masu kwalekwale, kuma kada a zuba kaya a leda, domin Tanzaniya ta haramta ta tun 2019.

Iskar da ke kaɗawa a wannan gaɓa tana juyawa sau biyu a shekara. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana zuwa ne daga arewa maso gabas, sunanta kaskazi. Daga wajen Afrilu zuwa Oktoba sai ta riƙa zuwa daga kudu, a kira ta kusi. Wannan juyi shi ne asalin birnin baki ɗaya. Ɗaruruwan shekaru fatake daga Oman da Farisa da yammacin Indiya suna biyo kaskazi a cikin jiragen katako masu tafiya da iska, su sauke hajarsu, su zauna watanni suna jiran kusi ta mayar da su gida, kuma baƙon da ya daɗe haka a gari yakan yi aure, ya gina gida, ya gina wurin ibada. Abin da za ku yi ta gani a lungunan birnin ke nan. Ga matafiyi na yau kuwa, ruwan sama mai yawa, wanda suke kira masika, yana sauka daga Maris zuwa Mayu, kuma ba na ba iyali shawarar zuwa a lokacin. Wajen Nuwamba akwai ɗan gajeren ruwa da ba ya hana yawo. Disamba zuwa Fabrairu akwai zafi da gumi. Yuni zuwa Oktoba ya fi dacewa da mai shekaru, sai dai kusi takan tayar da igiyar ruwa, ta yadda jirgin ruwa mai gudu da ke tasowa daga Darussalam, tafiyar kimanin awa biyu, yakan sa wanda bai saba ba jiri da amai. Idan a wannan lokaci za ku, ku ƙetare ta jirgin sama, tafiyar kimanin minti 20 ce.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ba baƙo mamaki, don haka zan ɗan tsawaita a kansa. Teku ba ya zama a wuri ɗaya. Sau biyu a cikin yini da dare yakan ciko har ya taɓa bakin gaɓa, sau biyu kuma yakan janye, kuma tsakanin cikowa da janyewa akwai awa shida da 'yan mintoci. Wata ne yake jan ruwan, shi ya sa sa'ar cikowar take jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana: idan yau ruwa ya cika da ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura minti goma, bayan mako guda kuma a wannan sa'ar za ka tarar ya janye ne. Ƙarfin abin ma yana bin kwanan wata. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa, wato wajen daren sha huɗu, ruwa yakan ciko sosai ya kuma janye sosai, har bambancin ya kai kusan mita huɗu a Zanzibar, a tsakankanin waɗannan kwanaki kuma motsin yakan ragu. A gabashin Unguja, a garuruwa irin su Paje da Jambiani, ruwan yakan ja baya fiye da kilomita guda, mutum ya fito daga masauki da niyyar wanka ya tarar da fili fetal, mata suna aiki a gonakinsu na ciyawar teku. A arewa, a Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da zurfi, ruwan ba ya nisa sosai, ana iya shiga kusan kowane lokaci.

Kowane masauki yana da jadawalin cikowar ruwa, ana kuma samunsa a waya. Ka karɓa tun ranar farko ka gina sauran kwanakin a kansa. Na taɓa sakaci da wannan da kaina. Na yarda da maganar wani mai kwalekwale cewa akwai sauran lokaci, ban duba jadawalin ba, muka dawo bayan ruwa ya janye, kwalekwalen ya kasa isowa gaɓa, dole wani dattijo da ke cikin ayarina ya taka cikin ruwa a kan duwatsu masu kaifi. Ya ji rauni a ƙafa, sauran kwanakin hutunsa a ɗaki ya yi su, kuma har yau abin yana damuna. Wanda zai taka filin da ruwa ya janye ya sa takalmin roba mai kauri, domin akwai wata halittar teku mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa, ya kuma juyo tun kafin ruwa ya fara dawowa, saboda yakan fara cika kwaruruwan da ke bayan mutum ne kafin ya iso gabansa.

Game da rana, birnin yana kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, don haka fitowarta da faɗuwarta ba sa sauyawa sosai duk shekara, kuma duhu yakan shiga da sauri bayan ta faɗi wajen ƙarfe shida da rabi. Tafiyar ƙafa ta fi daɗi daga ƙarfe bakwai zuwa goma sha ɗaya na safe, sai kuma bayan la'asar. Tsakiyar rana lokacin komawa masauki ne, ga Hajiya da yara musamman. Akwai kuma wani abu da ke sa baƙi rasa jirgi. Masu magana da Suwahili suna fara ƙirga sa'o'i ne daga wayewar gari, saboda haka ƙarfe bakwai na safe shi ne “saa moja”, wato sa'a ta ɗaya, tsakar rana kuma “saa sita”. Idan mai kwalekwale ya ce maka “saa tatu”, ƙarfe tara yake nufi. Duk alƙawarin da za ka yi da direba ko mai jirgi, ka nuna masa a fuskar agogo, ka tambaye shi na safe ne ko na yamma.

Masauki a cikin tsohon gari ya fi, aƙalla na kwana uku, amma ka yi tambayoyi biyu kafin ka biya. Mota ba ta shiga yawancin lungunan, don haka ka tambayi nisan ƙofar daga inda mota take tsayawa. Gidajen kuma dogaye ne, matakalarsu a miƙe take, yawancinsu ba su da na'urar hawa bene, don haka ka nema wa Hajiya ɗaki a ƙasa ko a hawa na farko, a rubuta maka haka a takardar ajiyar ɗakin.

Safiyar farko ku fara daga bakin teku, domin ta nan duk wanda ya gina birnin ya shigo, kuma gine-ginen masu mulki a nan suke jere suna fuskantar ruwa. Mafi tsufa shi ne Ngome Kongwe, sansanin da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal daga wannan gaɓa a 1698. Kusa da shi akwai Beit al-Ajaib, wato gidan abubuwan al'ajabi, wanda Sultan Barghash ya gina a 1883. An ba shi wannan suna ne saboda shi ne gini na farko da aka sa wa wutar lantarki a Zanzibar, kuma na farko mai na'urar hawa bene a Gabashin Afirka. Wani ɓangarensa ya rufta a Disamban 2020 ana cikin gyaransa, don haka kada ka sa ran shiga, amma ku tsaya a gabansa, domin a nan aka yi yaƙin da ake cewa babu mafi gajarta irinsa a tarihi. Sultan Hamad bin Thuwaini ya rasu a watan Agustan 1896, Khalid bin Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardar Ingila ba, wadda tsibirin ke ƙarƙashin kariyarta tun 1890, da safiyar 27 ga watan jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa fadar wuta daga wannan ruwan da za ku gani a gabanku, kafin minti 45 an gama, mutanen Sultan kimanin 500 sun mutu ko sun ji rauni. Idan kuka ci gaba ta arewa za ku iske tsohon ɗakin shan magani mai barandar katako da aka ƙawata da sassaƙa, wanda attajirin nan ɗan asalin Indiya, Tharia Topan, ya aza harsashinsa a 1887. Duk wannan tafiya ce ta 'yan ɗaruruwan mitoci a kan hanya mai faɗi, kuma akwai wuraren zama a lambun Forodhani idan Hajiya ta gaji.

Daga nan sai lunguna, kuma su ne ainihin abin da ya cancanci a zo gani. A safiyar farko ku ɗauki ɗan jagora mai katin shaidar hukuma na awa biyu ko uku, wanda masaukinku ya sani. Bayan haka ku riƙa yawo da kanku. Taswirar waya takan ruɗe a ciki, amma ɓata ba ta daɗewa, domin garin ƙarami ne, duk inda ka miƙe za ka ɓulla bakin teku ko kuma babban titin da ke gabas. Ku kula da babura, suna bin lungunan da gudu.

Idan ka san yadda aka yi ginin, kallon zai fi yi maka ma'ana. Bangon na dutsen murjani ne da aka haƙo daga tsibirin, aka haɗa shi da farar ƙasar da ake samu ta hanyar ƙona wannan dutsen. Azarar rufin kuwa ta itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku ce, suna kiranta boriti, kuma da yake ba ta da tsawo sosai, ɗakunan suka kasance dogaye marasa faɗi. Ƙuncin lungunan ma da gangan ne, domin gida ya yi wa gida inuwa, iska kuma ta ratsa. Irin wannan bango yana buƙatar ya riƙa fitar da damshi, shi ya sa gidajen da aka yaɓe da siminti daga baya suke ruɓewa daga ciki, kuma za ku ga wasu an tokare su da katako. A ƙofar kusan kowane gida akwai dakalin dutse, sunansa baraza, inda maigida ke karɓar baƙi maza ba tare da sun shiga ciki ba, kuma idan ruwan sama ya cika lungu a kansa ake takawa. Ƙofofin kuwa su ne abin alfaharin garin. Masu kai a miƙe, waɗanda aka sassaƙa wa ayoyin Alƙur'ani ko sunan mai gida a sama, salon Suwahili da Oman ne. Masu kai a lanƙwashe da manyan ƙusoshin tagulla salon Indiya ne, inda ake cewa an fara sa ƙusoshin ne domin hana giwayen yaƙi tura ƙofa, a nan kuwa ado ne da nuna wadata. Ka sa yaran su riƙa neman zanen sarƙa da kifi da furanni a jikin ginshiƙan, za ka ga sun manta da gajiya.

Wani abu da baƙo yakan lura da shi shi ne, masallatai kusan 50 ne a cikin tsohon garin, amma da wuya ka hangi hasumiya. Dalili shi ne sarakunan da suka zo daga Oman mabiya mazhabar Ibadiyya ne, waɗanda suke gina masallaci ba tare da ƙawa ba, har mutum ya wuce ta ƙofarsa bai sani ba sai ya ga takalma. Masallacin Malindi mai hasumiya mai tsini yana cikin 'yan kaɗan da suka bambanta. A cikin waɗannan lunguna dai akwai masallatan 'yan Shi'a, da wuraren ibadar Hindu, da cocin Katolika mai hasumiya biyu da Faransawa suka gina a shekarun 1890, duk a tafiyar 'yan mintoci tsakaninsu.

Wuri ɗaya ne zan ce kada ku bari ko da lokaci ya ƙure, shi ne tsohuwar kasuwar bayi da ke Mkunazini. Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, ya ƙarfafa noman kanumfari, kuma dukiyar da ta gina manyan gidajen nan ta fito ne daga abubuwa uku: kanumfari, hauren giwa, da mutane. Ayarori suna shiga can cikin nahiyar har yankin tafkin Tanganyika da tafkin Malawi da gabashin Kwango, su dawo da haure a kan mutanen da aka kamo, a sayar da kayan, a sayar da masu ɗaukar kayan. Shahararren ɗan kasuwar nan Tippu Tip, wanda ya rasu a 1905, gidansa yana nan cikin garin. A 1873 Ingila ta matsa wa Sultan Barghash ya rufe kasuwar, a shekarar kuma aka fara gina cocin Angilikan a kan filin, ƙarƙashin jagorancin Bishop Edward Steere, wanda aka binne a bayan bagadin. Bautar ita kanta ba a soke ta a dokar tsibirin ba sai 1897. A harabar akwai mutum-mutumi biyar a cikin rami, sarƙa a wuyansu, aikin wata mai sassaƙa 'yar ƙasar Suwidin, akwai kuma zauren baje kolin tarihi mai hotuna da bayanai, wanda a ganina ya fi komai amfani a wurin. Za a kai ku wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa a ce nan ake tsare bayi. Wasu masana tarihi suna shakkar haka saboda ginin da ke kansu daga baya aka yi shi, amma wannan bai rage komai daga abin da ya faru a filin ba. Ku ba wurin awa biyu. Ku yi wa yaran bayani tun daga masauki. Idan ɗan jagora ya ɗora laifin duka a kan al'umma ɗaya, ku karanta allunan da kanku, za ku ga akwai masu kamowa, da masu ba da jari, da masu saye, da masu sayen haure da kanumfari a Turai da Amurka, kowa da rabonsa.

Daga nan kasuwar Darajani ba ta da nisa. An gina ta a 1904, kuma sunan yana nufin wurin gada, domin babban titin da ke gabanta a da rafin ruwan teku ne da ya raba garin dutse da Ng'ambo, wato ƙetare, inda ma'aikata da 'yantattun bayi suke zaune a gidajen ƙasa. An cike rafin daga baya, amma rabuwar ta daɗe a zukata. Zanzibar ta sami 'yancin kai a ranar 10 ga Disamban 1963, bayan wata guda, a ranar 12 ga Janairun 1964, aka yi juyin juya halin da ya tumɓuke Sultan Jamshid, aka kashe mutane da yawa, dubban Larabawa da Indiyawa suka bar tsibirin, Abeid Amani Karume ya zama shugaba. Dogayen benayen Michenzani da za ku gani idan kun ƙetara titin an gina su ne bayan haka da taimakon Jamus ta Gabas. Yawancin baƙi ba sa ƙetarawa, alhali mafi yawan mutanen birnin a can suke zaune, don haka ina ba da shawarar ko a mota ku zaga. Maganar 1964 kuwa har yanzu tana sosa rai a gidaje da yawa, kada ka tayar da ita sai in mai gida ne ya fara.

Yini ɗaya ya isa na shiga teku. Tsibirin Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku, tafiyar kimanin rabin awa ce a kwalekwale mai inji. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace matafiyan da ake zargin suna ɗauke da cutar shawara. Abin kallon wurin manyan kunkuru ne da aka kawo kakanninsu daga tsibiran Seychelles a 1919. Ga babba wurin ba shi da wani abu mai yawa, amma yara suna jin daɗinsa ƙwarai. Ana haɗa shi da Nakupenda, wani tudun farin yashi da ke fitowa tsakiyar teku idan ruwa ya janye ya kuma nutse idan ya ciko. Babu bishiya ko ɗaya a kansa, hawa da sauka daga kwalekwale kuma cikin ruwa ake yi, don haka ban ga dalilin kai Hajiya can ba. Kowane jirgi za ku shiga, ka ƙirga rigunan kariya daga nutsewa da idonka, ka tabbatar akwai daidai jikin yara, a sa su tun kafin a tashi, kuma idan ka ga an cika jirgi fiye da kima ku sauka ko da kun biya. A 2011 da 2012 manyan jiragen fasinja biyu sun nutse a ruwan Zanzibar, rayuka masu yawa suka salwanta, kuma mutanen wurin ba su manta ba.

Sauran abubuwan da ke wajen gari ba sa buƙatar dogon bayani. Gonakin kayan ƙamshi da ke wajen Kizimbani da Kidichi rabin yini ne, tafiya ce cikin inuwa, za a nuna muku kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu, kuma wannan zai yi wa Hajiya daɗi. Dajin Jozani, kimanin kilomita 35 daga birni a kan hanyar Paje, shi ne mazaunin wani jan biri da ba a samun irinsa sai a Zanzibar, kuma ana iya haɗa shi da yinin zuwa gaɓar gabas idan sa'ar ruwa ta dace. A Kizimkazi da ke kudu akwai masallaci mai rubutun Kufi a bangon alƙibla wanda ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, yana cikin mafi tsufa a Gabashin Afirka. A garin ne kuma ake fita kallon dabbar ruwan nan da ake kira dolfin, amma yadda kwalekwale da yawa suke rufar musu da inji yana takura su, kuma ni ba na tura mutane. Ka soke wannan daga takardarka, ka kuma soke kufan fadoji in ban da guda ɗaya, domin kusan abu ɗaya za ku gani.

Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, kuma suna son baƙo ya rufe kafaɗa da gwiwa a cikin gari, kayan wanka kuma su tsaya a bakin ruwa. Ba a ɗaukar mutum hoto sai da izininsa, mata musamman. Gaisuwa tana gaba da kowace tambaya. Matasa za su riƙa ce wa Hajiya “shikamoo”, gaisuwar girmamawa ce ga babba, amsarta kuma “marahaba”. Ku ma haka za ku gai da dattawan da ke zaune a kan baraza. A tashar jiragen ruwa da bakin Forodhani za ku haɗu da 'yan kamasho, waɗanda mutanen garin ke kira papasi, masu tallar jirgi ko masauki ko rakiya. Ka ce “hapana, asante”, wato a'a na gode, ka ci gaba da tafiya, kada ka miƙa wa kowa jakarka ko kuɗin tikiti sai a tagar ofis. Idan tafiyar ta faɗo cikin Ramadan, gidajen abinci da yawa a rufe suke da rana. Kada ku sayi murjani ko manyan ƙwaryar dodon koɗin teku ko wani abu da aka yi da bayan kunkuru, domin sayen ne yake sa a ci gaba da kwashe su. Ruwan roba za ku sha, kuma ka ga likita kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kafin ku taso.

Da yamma ku koma Forodhani. Birnin yana fuskantar yamma, don haka rana a kan ruwa take faɗuwa, jiragen katako suna wucewa, idan ruwa ya cika kuma samari suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa ciki. Bayan magariba masu abinci sukan jera teburansu. Ku ɗanɗana urojo, wata miya mai tsami da ake zuba wa dankali, da mishkaki, naman da aka gasa a tsinke, da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Kifi da sauran kayan teku da aka jibge a kan tebur kuwa ba a san tun yaushe suke nan ba, don haka a ci wanda aka gasa ɗanye a gabanka kawai, a kuma yi ciniki kafin a ɗora shi a wuta.

Idan na tsara muku, kwana biyu na farko na cikin gari ne, na uku na kwalekwale ko na gonar kayan ƙamshi gwargwadon yadda iska ta tashi da safe, na huɗu na Jozani da bakin ruwa. Kada ka biya kuɗin fitar teku tun daga gida, ka bari sai ka ga yanayin da jadawalin ruwa. Daren ƙarshe ku kwana a cikin birni. Daga Nungwi zuwa filin jirgin sama na Abeid Amani Karume tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce idan hanya ta yi kyau, daga tsohon gari kuwa ba ta kai rabin awa ba. Safiyar ranar ku bar ta babu komai in ban da Darajani, inda za ku sayi kanumfari da kirfa a hannun masu awo, ka kuma gaya wa masaukin tun da dare su tanadi mai amalanke da zai fitar da jakunkuna zuwa inda mota take tsayawa.